Kemo ko Maganin Garkuwar Jiki: Wanne Ya Dace da Mai Ciwon Daji?

A 'yan shekarun nan, duk gidan da aka ce wani ya kamu da ciwon daji, kafin mako ya zagayo sai an samu ɗan'uwa ko maƙwabci ya turo labari a WhatsApp cewa an yi sabon magani a ƙasashen waje, ba ya zubar da gashi, ba ya sa amai, jikin mutum ne da kansa yake cinye cutar. Daga nan sai gida ya rabu biyu. Wasu su ce a bi abin da likitan asibitin koyarwa ya rubuta, a fara kemo ranar Litinin. Wasu su ce a sayar da fili a tafi Indiya ko Masar, ai kemo ne ya ƙarasa wance. Labarin sabon maganin gaskiya ne. Imunoterafi ake kiransa, kuma ya raya mutanen da a da likitoci kan sallame su su koma gida. Sai dai ba kowane ciwon daji ne yake jin sa ba, kuma akwai ciwukan da kemo mai araha ke warkarwa sarai alhali shi mai tsadar ba zai taɓuka musu komai ba. Abin da ya fi damuna shi ne iyalin da za su bar maganin da zai warkar, su kashe dukiyarsu a kan wanda bai dace da ciwon nasu ba, don kawai sabo ne.

Kemo magani ne mai kashe duk ƙwayar halittar da ke saurin hayayyafa. Ƙwayoyin daji suna cikin masu saurin, shi ya sa yake kama su, amma haka ma saiwar gashi, da fatar cikin baki da hanji, da ɓargon da ke ƙera jini. Daga nan illolinsa suka samo asali. Imunoterafi kuwa, irin wanda aka fi yayi yanzu, ba ya taɓa ƙwayar daji kai tsaye. A cikin sojojin jiki akwai wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira T, aikinsu su gane baƙon abu su kashe. Allah ya yi su da birki don kada su wuce gona da iri su afka wa lafiyayyen jiki. Ciwon daji yakan koyi taka wannan birki, sai sojojin su zo har bakin ƙarin su tsaya cak. Maganin yana sakin birkin ne. Masana biyu suka gano wannan: Tasuku Honjo na Jami'ar Kyoto a Japan, wanda ya gano birkin da ake kira PD-1 a 1992, da James Allison na Amurka da ya yi aiki a kan wani mai suna CTLA-4. Tare suka karɓi kyautar Nobel a 2018. Maganin farko, ipilimumab, ya samu izini a Amurka a 2011, sannan pembrolizumab da nivolumab suka biyo baya a 2014. Biyun nan na ƙarshe ne ake sayarwa da sunan Keytruda da Opdivo.

Wannan bambanci yana da muhimmanci wajen zaɓi. Kemo yakan yi aiki a kan mutane da yawa, kuma da wuri ake ganin ƙari ya fara raguwa, amma idan ciwon ya riga ya bazu sau da yawa yakan dawo bayan watanni. Imunoterafi mutane kaɗan yake yi wa aiki, yana iya ɗaukar wata biyu ko uku kafin a ga alama, amma wanda ya karɓe shi amfanin na iya ɗorewa shekaru bayan an daina. Wasu likitoci biyu a Amurka sun yi lissafi a 2019, suka gano cewa cikin masu ciwon dajin da ya yi nisa a ƙasarsu, kusan kashi 44 cikin 100 ne suka cancanci a gwada musu irin waɗannan magunguna, kuma kusan kashi 12 zuwa 13 ne kawai ake sa ran ƙarinsu zai ragu. A ƙasar da maganin yake a wadace ke nan.

Inda kemo yake warkarwa

Mutanenmu da yawa sun ɗauka kemo jan lokaci ne kawai. Dalilin wannan zato a fili yake: yawancin marasa lafiya ba sa zuwa asibiti sai ciwo ya ci jiki, an zaga masu magani an gaji, sai a fara kemo a kan jikin da ya riga ya raunana, idan mutum ya rasu a ɗora wa allurar laifi. Amma akwai ciwukan daji da kemo ke kawarwa gaba ɗaya, mutum ya yi aure ya haihu ya tsufa.

Ɗaya daga cikinsu a nahiyarmu aka gano shi. A 1958 wani likitan tiyata mai suna Denis Burkitt ya bayyana wani ƙari da ke kumbura muƙamuƙin yara a Yuganda, wanda kuma ake samu a yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, har da namu. Ƙarin yana girma cikin kwanaki, amma idan aka sa wa yaro cyclophosphamide da 'yan'uwansa, kumburin da ya karkatar da fuska yakan fara sacewa cikin mako guda. Likita Victor Anomah Ngu, ɗan Kamaru da ya yi aiki a Ibadan, yana cikin waɗanda suka tabbatar da haka, har aka ba shi kyautar Lasker a 1972 tare da Burkitt da wasu. Haka kansar jinin yara da ake kira ALL, wadda a ƙasashen da suka ci gaba kusan yara 9 cikin 10 ke rayuwa bayan an yi musu kemo. Haka kansar maraina da cisplatin ke warkarwa ko da ta kai huhu, da kansar kaluluwa ta Hodgkin, da wadda ke tasowa daga mabiyiya bayan ciki, wadda methotrexate ya fara warkarwa tun 1956. Duk wanda ciwonsa ke cikin wannan jeri, babu wata gardama, kemo za a fara, kuma a kammala shi a kan lokaci. Abin da ke kashe yara a nan shi ne tsallake zagaye saboda kuɗin mota, ko a ga kumburi ya sace bayan zagaye biyu a ce an warke a daina zuwa.

Inda maganin garkuwa ya yi zarra

Misalin da duniya ta fi sani na mutumin da mutanen karkara ba za su manta da shi ba ne, tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter, wanda cibiyarsa ta yi aiki tare da Janar Yakubu Gowon har aka kawar da kurkunu a Najeriya. A watan Agustan 2015, yana da shekara 90, ya sanar cewa kansar fata mai suna melanoma ta kama masa hanta da wurare huɗu a ƙwaƙwalwa. Aka yanke na hantar, aka gasa na ƙwaƙwalwar da na'ura, aka sa shi a kan pembrolizumab. A watan Disamban wannan shekara ya ce hoto bai nuna komai ba. Sai a ƙarshen 2024 ya rasu yana da shekara 100. A lura dai, magani uku aka haɗa masa, har da tiyata da gashi.

A wannan ciwo kemo ba ya wani abin kirki. Kafin zuwan sabbin magungunan, wanda melanoma ta bazu a jikinsa da wuya ya wuce shekara. A wani babban gwaji da aka bi marasa lafiya har shekara goma, aka fitar da sakamako a 2024, kashi 43 cikin 100 na waɗanda aka haɗa wa nivolumab da ipilimumab suna raye. Amma akwai abin da ya shafe mu. Melanomar Turawa yawanci rana ce ke jawo ta, ta baƙar fata kuwa a tafin ƙafa ko ƙarƙashin farce take fitowa, wani baƙin tabo da ake ɗauka ƙaya ce ko kaushi, har sai ya zama gyambon da ya ƙi warkewa. Wannan nau'in bai kai na Turawa jin maganin garkuwa ba. Ana ba shi idan ya bazu, domin ya fi kemo, amma wanda ya kai ƙafarsa aka yanke tabon tun yana ƙarami ya fi kowa riba.

Sai kansar huhu. Ga waɗanda gwaji ya nuna rabin ƙwayoyin ƙarinsu ko fiye suna ɗauke da alamar PD-L1, wadda ƙari ke taka birkin nan da ita, an kwatanta pembrolizumab shi kaɗai da kemo. Bayan shekara biyar, kashi 32 cikin 100 na masu pembrolizumab suna raye, na masu kemo kashi 16. Ninki biyu ke nan, kuma da sauƙin wahala. Idan alamar ba ta kai rabi ba, yawanci haɗa su ake yi. Idan kuwa ƙarin yana da canjin halitta irin su EGFR ko ALK, to ƙwayar haɗiya ta musamman ce ta fi duka biyun, kuma maganin garkuwa ba ya cika yi wa irin waɗannan aiki.

Wanda ya fi cancantar mu tsaya a kansa shi ne kansar babban hanji. Akwai wani rukuni na ƙari da ya rasa ikon gyara kurakuran da yake yi wajen hayayyafa, likitoci suna rubuta shi dMMR ko MSI-H. Kurakuran kan taru su yi yawa har ƙarin ya fita daban a idon sojojin jiki, shi ya sa da zarar an sake su sai su far masa. A 2017 Amurka ta ba da izinin pembrolizumab ga duk ƙarin da ke da wannan alama ko a ina yake a jiki, karo na farko da aka taɓa yin haka. A 2022 asibitin Memorial Sloan Kettering na New York ya ba da rahoton mutum 12 masu kansar ƙarshen hanji irin wannan da aka ba su dostarlimab wata shida, dukkansu ƙarin ya ɓace ba tare da tiyata ko gashi ko kemo ba. Wannan labari ne ya karaɗe duniya da cewa an samo maganin kansa, ba a faɗa wa mutane cewa 'yan tsiraru ne ke da wannan alama ba. To amma binciken da likitocin Ile-Ife suka yi tare da wannan asibiti, aka wallafa a 2021, ya nuna cewa a cikin 'yan Najeriyar da aka duba masu kansar hanji, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu suna da alamar, kusan ninki biyu na marasa lafiyar New York. Don haka duk mai kansar hanji a cikinmu ya kamata ya nemi a yi masa wannan gwaji. Idan alamar tana nan, maganin garkuwa ya fi kemo nesa ba kusa ba. Idan babu ita, kuɗin da za a zuba masa asara ce.

Ciwukan da suka fi yawa a cikinmu

Yawancin masu karanta wannan ba melanoma ce ta kawo su ba. Sankarar mama ce, ko ta bakin mahaifa, ko ta furostet, ko ta hanta.

A sankarar mama, kafin a yi maganar kowane magani sai an san abu uku game da ƙarin: ER, PR da HER2. Idan ER ko PR ne, wato yana rayuwa ne da sinadarin mata, bayan tiyata da kemo ƙwayar tamoxifen ko makamanciyarta ake sha shekara biyar zuwa goma, kuma tana cikin magungunan kansa mafi araha. Idan HER2 ne, wanda ake samu a kusan mace ɗaya cikin biyar ko shida, trastuzumab ake ƙarawa a kan kemo. Shi ma daga garkuwar jiki aka kwaikwayo shi, yana kasuwa tun 1998, kuma yanzu kamfanoni da dama suna yin sa, farashinsa ya sauko. Idan duka ukun babu, wannan ne nau'in da ya fi zafi, ya kuma fi yawa a matan Afirka ta Yamma fiye da na Turai, kuma a nan ne pembrolizumab ke da gurbi. A gwajin da aka yi kafin tiyata, ƙarin ya ɓace sarai a kashi 65 cikin 100 na waɗanda aka haɗa wa shi da kemo, waɗanda aka yi wa kemo kaɗai kuwa kashi 51. Ci gaba ne na gaske, amma a duba lambar da kyau: rabin matan kemo kaɗai ya share musu ƙarin. Matar da ba ta da halin sabon magani kada ta ɗauka an rufe mata ƙofa, kuma wadda take da hali ba za ta tsallake kemo ba.

Sankarar bakin mahaifa da ta wuce tiyata, gashi da na'ura ne ginshiƙinta, tare da cisplatin mako-mako, sannan a yi gashi na ciki. Pembrolizumab ƙari ne a kan wannan ga masu hali. Matsalar matanmu ita ce layin jiran na'urar gashi da lalacewarta, domin idan an fara ana so a gama cikin mako takwas. Iyalin da ke da kuɗin abu ɗaya kacal, su kashe shi wajen kai ta inda na'ura ke aiki.

Furostet kuwa an yi manyan gwaje-gwaje da maganin garkuwa ba su yi nasara ba. Rage sinadarin maza ne maganinta, da allura ko da tiyata, sai gashi, sai docetaxel idan ta bazu. Haka ma kansar wata halitta ta bayan tumbi da ake kira fankiriyas da mugun ƙarin ƙwaƙwalwa, maganin garkuwa bai yi musu abin a zo a gani ba.

Hanta ita ce akasin haka, domin kemo ba ya mata aiki sosai. Tun 2020 haɗin atezolizumab da bevacizumab ya zama na gaba, inda matsakaicin rayuwa ya kai wata 19, a kan wata 13 na tsohuwar ƙwayar sorafenib. Amma sai hantar tana da sauran ƙarfi. Mutumin da ya zo ciki ya cika da ruwa, ido ya yi rawaya, wannan haɗin ba zai amfane shi ba, yana ma iya jawo masa aman jini. Haka yawancin namu suke zuwa, saboda ciwon hanta nau'in B da aka ɗauka tun yarinta ba a sani ba.

A nan ya kamata a ce wani abu game da rigakafi, domin shi ne hanyar amfani da garkuwar jiki a kan ciwon daji mafi sauƙi da muke da ita, kuma kyauta ce. Allurar ciwon hanta da ake yi wa jariri ranar haihuwa tana tare kansar hanta shekara talatin ko arba'in gaba. Allurar rigakafin ƙwayar cutar HPV da Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a watan Oktoban 2023 tana tare sankarar bakin mahaifa. Ita ma BCG, allurar rigakafin tarin fuka wadda ta bar mana tabo a dantse, tun 1976 likita Alvaro Morales a Kanada ya nuna cewa idan aka zuba ta cikin mafitsara bayan an kankare ƙari, takan tayar da sojojin jiki su hana shi dawowa. Har yau ana yin haka, ga ƙarin da bai nutse cikin naman mafitsara ba. Irin wanda tsargiya ke jawowa kuwa nau'insa daban ne, yawanci tiyata yake buƙata.

Wahalar kowanne

Wahalar kemo sananniya ce, kuma tana da jadawali. Kwana biyu ko uku na farko tashin zuciya, wanda magunguna irin su ondansetron suka rage ƙwarai. Mako na biyu ko na uku gashi ya fara zuba a kan matashin kai, ya kuma dawo bayan an gama. Doxorubicin, jan ruwan nan da ake yi wa masu sankarar mama, yakan mayar da fitsari ja na kwana ɗaya ko biyu, ba jini ba ne. Lokacin haɗari shi ne tsakanin kwana na 7 da na 14, sa'ad da fararen ƙwayoyin jini suka faɗi ƙasa. Zazzaɓin da ya kai 38 a wannan tsakani ba na kemis ba ne, a tafi asibiti a daren. Wasu magungunan suna barin tabo: cisplatin a ƙoda da kunne, paclitaxel a jijiyoyin yatsu, wasu kuma suna taɓa haihuwa, abin da ya kamata matashi ko matashiya su tambaya tun kafin allurar farko.

Maganin garkuwa a yawancin mutane ya fi sauƙi. Ƙarin ruwa ne na minti 30 duk mako uku, mutum ya tashi ya tafi harkarsa, sai ɗan gajiya da ƙaiƙayi. Amma sojojin da aka saki suna iya juyowa kan mai su, kuma ba su da jadawali. Suna iya kama hanji, huhu, hanta, halittar wuya da ke jawo maƙoƙo, ko su jawo ciwon suga farat ɗaya, ko, a 'yan kaɗan, su kumbura tsokar zuciya, wanda yakan yi kisa. Da magani ɗaya, kusan mutum ɗaya zuwa biyu cikin goma ne ke samun illa mai tsanani. Idan aka haɗa nivolumab da ipilimumab, abin ya haura rabi. Wasu illolin, kamar mutuwar halittar wuya, ba sa warkewa, mutum zai sha ƙwaya har ƙarshen rayuwarsa.

Ga inda haɗarin yake a wajenmu. Mutum ya karɓo allura a Delhi ko Alƙahira ya dawo gida, bayan wata biyu gudawa ta kama shi sau bakwai a rana. A kai shi asibitin unguwa, a ce taifot ne, a ɗaura ruwa a ba shi flagyl. Ko ya fara tari da haki, a ce sanyi ne ko tarin fuka. Alhali garkuwarsa ce take cin hanjinsa ko huhunsa, kuma maganin shi ne a dakatar da allurar a ba shi prednisolone da gaggawa, idan aka yi jinkiri hanji na iya hujewa. Wannan na iya faruwa ko bayan watanni da daina maganin. Saboda haka duk wanda zai shiga wannan hanya, sai ya samu likitan kansa a kusa da gida da ya san abin da ake ba shi, ya riƙa yawo da takarda mai sunan maganin da ranar allurar ƙarshe, ya kuma riƙa gwajin jini na hanta, ƙoda, suga da halittar wuya kafin kowane zagaye. Wanda aka yi wa dashen ƙoda, maganin na iya sa jikinsa ya ƙi ƙodar. Mai juna biyu ba a ba ta. Kafin kowanne daga cikin magungunan biyu a yi gwajin ciwon hanta nau'in B da HIV, domin kemo da wani maganin kansar kaluluwa mai suna rituximab suna iya tayar da ciwon hantar da ke kwance.

Kuɗi

A Amurka farashin zubi ɗaya na pembrolizumab ya haura dala 10,000, kuma cikakken tsari zubi 35 ne cikin shekara biyu. A Indiya da Masar ya fi sauƙi, amma ko a can zubi ɗaya miliyoyin naira ne. Kemo kuwa yawanci zagaye shida zuwa takwas ne a gama, da magungunan da kamfanoni barkatai ke yi. A Najeriya akwai asusun gwamnatin tarayya na tallafa wa marasa ƙarfi masu sankarar mama, bakin mahaifa da furostet a wasu asibitocin koyarwa, ya kamata a tambayi sashen walwala na asibiti.

Sau da yawa babban wa ne zai ce, "Likita, a yi wa Hajiya wanda ya fi kyau, ko nawa ne." Magana ce ta ƙauna, amma lissafin da za a yi ba na zubin farko ba ne, na shekara ne, har da hoton cikin jiki na na'urar siti (CT) duk wata uku, da gwajin jini, da masauki, da kuɗin kwanciya idan illa ta taso. Akwai waɗanda aka tsayar wa maganin da wuri kuma amfanin ya ɗore, amma ba a gina shiri a kan wannan. Iyalin da suka sayar da gida suka yi zubi uku, kuɗi ya ƙare, sukan dawo ba su da ko na kemo da maganin ciwo.

Likitocin asibitin Tata Memorial da ke Mumbai, waɗanda marasa lafiyarsu talakawa ne irin namu, sun gwada wata dabara. Suka ƙara nivolumab miligiram 20 kacal duk mako uku, maimakon 240 da aka saba bayarwa duk mako biyu, a kan ƙwayoyin kemo masu araha ga masu kansar baki da maƙogwaro. A sakamakon da suka fitar a 2022, kashi 43 cikin 100 sun kai shekara, a kan kashi 16 na waɗanda ba a ƙara wa ba. A kan ciwo ɗaya aka gwada, amma tambaya ce da ta cancanci a yi wa likita.

Tsadar ta jawo jabu. A watan Maris na 2024 'yan sandan Delhi suka kama wasu da ke tattara kwalaben magungunan kansa da aka yi amfani da su, suna cika su da maganin da ba shi ba, suna sayarwa. Hukumar NAFDAC ma ta sha fitar da gargaɗi kan jabun magungunan kansa. Waɗannan magunguna a sanyi ake ajiye su, tsakanin maki 2 zuwa 8, don haka kwalbar da wani ya ɗauko a jakar hannu da rangwame ba abin amincewa ba ce. Kuma kayan ƙarin kuzari da ake tallatawa a rediyo da intanet da sunan ƙarfafa garkuwar jiki ba su da alaƙa da abin da muke magana a kai, babu wanda aka tabbatar yana rage ƙari, wasu ma suna wahalar da hantar da ke fama da kemo.

Akwai wani nau'in imunoterafi da za a iya ambata wa masu kansar jini, wato CAR-T. Ana ɗebo ƙwayoyin T na mara lafiya, a sauya musu halitta a ɗakin bincike, a mayar masa. Yarinya ta farko da aka yi wa, Emily Whitehead, a Philadelphia ne a 2012, bayan kemo ya gaza sau biyu, kuma ta warke. Da ya shiga kasuwa a 2017 farashinsa dala 475,000 ne. Indiya ta amince da nata, NexCAR19, a 2023, a kan kusan kashi ɗaya cikin goma na wancan. Na wasu nau'o'in kansar jini da kaluluwa da ɓargo ne da suka dawo bayan kemo, yana buƙatar ɗakin kulawa ta musamman saboda zazzaɓi mai tsanani da yake jawowa, kuma shi kansa sai an share masa hanya da kemo. Tun 2021 likitocin Erlangen a Jamus suke gwada shi a kan cutar lupus, inda garkuwar jiki ke cin mai ita, kuma sakamakon farko ya ba da ƙwarin gwiwa.

Duk wannan zaɓi yana rataye ne a kan ɗan naman da aka yanko aka kai gwaji. Ana daskarar da shi cikin kakin da bai wuce akwatin ashana ba, a ajiye a ɗakin binciken asibiti da lamba a jikinsa. A kansa ake duba ER, PR, HER2, PD-L1 da dMMR, kuma kuɗin gwajin bai kama ƙafar zubi ɗaya ba. Iyali suna da damar neman a ba su shi ko a aika shi wani ɗakin bincike. Kafin a sayi tikitin jirgi, a tura sakamakon da hotuna ga asibitin da za a je, a nemi su amsa a rubuce: wane nau'i ne, wane mataki ya kai, warkarwa ake nema ko ƙarin lokaci, mutum nawa cikin ɗari masu irin wannan ciwo maganin ke amfana, zubi nawa, nawa ne jimilla, kuma wa zai kula da shi idan ya dawo. A kai amsar ga likitan gida a ji ta bakinsa. Idan likitocin biyu suka ce ciwon ya wuce a warkar kuma jikin ba zai ɗauki ko ɗaya ba, a nemi sashen rage raɗaɗi na asibitin koyarwa, inda ake ba da mofin na sha, a zuƙe ruwan ciki, a kula da gyambo, a kuma koya wa masu jinya yadda za su riƙe shi a gida.